Sunan 'Yar Fari

Tun da ɓarayi suka iya aron fuska da muryar mutum, Malama Lantana ke tantance duk kiran da ya shigo makarantar.

Ranar Talata mahaifiyar Rumasa'u ta bayyana a allon ofis, har da haƙorinta na Makka. Ta ce, "Malama, a sallamo min Rumasa'u, kawunta na bakin ƙofa."

Malama Lantana ta katse kiran. Sabon malamin da ke gefenta ya ce, "Ai na'ura ta tabbatar ita ce."

"Rumasa'u 'yar fari ce. Shekara shida ban taɓa jin uwar ta kama sunanta ba, alkunya take mata."

Bayan azahar allon ya sake kawowa. Fuskar ɗazu ce, amma yanzu kanta a sunkuye.

"Malama, a sallamo min yarinyar nan."