Ramin Da Haladu Bai Leƙa Ba

Haladu direban tasi ne a Madina, a farkon shekarun 1980. Aikinsa kai masu ziyara daga Harami zuwa Ƙuba ya dawo da su. Gidansa yana Ranuna, a wani kwari da ruwa ke bi idan sama ta zubo da yawa. A gidan akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen garin ke ce wa badrum, kuma nan mahaifiyarsa Ikilima take zaune. Ita ta zaɓe shi saboda sanyinsa. Gwiwoyinta sun daɗe da gazawa, sai an ɗauke ta take hawa matakala tara da ke kaiwa tsakar gida.

A kusurwar ɗakin akwai rami mai murfin ƙarfe, cikinsa da injin jan ruwa. In ruwa ya taru a ramin, wata ƙwallon roba sai ta taso, injin ya tashi da kansa ya watsa ruwan waje. Usmanu, maƙwabcinsu mutumin Chadi mai aikin famfo, shi ya haɗa shi.

Da sanyi ya fara shigowa, Usmanu ya tare Haladu yana goge mota.

"Ya akhi, lokacin ruwa ya zo. Ka buɗe ramin nan ka kwashe yashi, ka zuba bokiti uku ka ga ko injin zai tashi. In ba ka da lokaci, ka ce in shiga."

Haladu ya yi dariya, ya nuna sama. "Wane ruwa, Usmanu? Shekara uku ke nan ko ƙura bai kwantar ba. Bukura, gobe-gobe, in sha Allahu."

Matarsa Shafa'atu, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu, ita ma ta yi magana, ba sau ɗaya ba. "Abu Zulaiha, in ba za a duba injin ba, a dawo da Inna sama mana. Zafi ai ya wuce."

"Juma'a zan yi," in ji shi. Juma'a huɗu suka wuce.

Ran wata Talata, bayan Azahar, yana tsaye a bakin masallacin Ƙuba yana jiran fasinjojinsa, sai gari ya yi duhu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da farko mutane murna suke, ana ɗaga hannu ana addu'a. Ba a jima ba wani mai kanti ya fito yana ihu da Larabci cewa ambaliya ta gangaro ta wajen Ranuna.

Haladu ya tayar da mota, amma bai yi nisa ba ruwa ya kashe ta. Ya bar ta a tsakiyar titi da ƙofa a buɗe, ya tattare jallabiya ya kama gudu.

Tun daga bakin lungu ya jiyo muryar Shafa'atu. Ya same ta a ƙasan matakala, ruwa jajawur ya kai mata ƙugu, tana dukan ƙofar badrum da kafaɗa.

"Na danna makunnin injin, ya yi gurnani ya yi shiru! Ƙofar ta ƙi buɗuwa! Inna tana ciki!"

Haladu ya yunƙura zai faɗa ruwan, sai Usmanu ya shigo a guje ya damƙe masa hannu. "Tsaya! Wutar lantarki za ta iya shiga ruwan nan." Ya haye ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, sannan suka sauka tare.

Ƙofar ta waje take buɗewa, ruwa kuma ya danne ta. Haladu ya manna baki a jikinta.

"Inna! Inna, kina ji na?"

Can ya jiyo muryarta ƙasa-ƙasa tana salati.

Usmanu ya kawo ƙarfen aikinsa suka sa a maɗaurin ƙofar. Sau uku yana zamewa. A na huɗu katakon ya tsage. A cikin duhun suka same ta zaune a kan gado, ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu, ruwan da ke kwararowa ta tagar ya kai mata ƙirji. Haladu ya saɓa ta a baya. Jikinta sanyi ƙalau, haƙoranta na haɗuwa.

Da suka kwantar da ita a sama aka lulluɓe ta da barguna, ta buɗe ido ta dube shi. "Haladu, cire rigar nan, kar mura ta kama ka."



Washegari zazzaɓi ya rufe ta, numfashi ya fara yi mata wuya. A asibiti likita ya ce sanyi da ƙazamin ruwa sun shiga huhunta. Kwana shida ta yi. Ran na bakwai ta rasu, aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Bayan an share makoki, Usmanu ya sauka badrum ɗin, Haladu na biye da shi. Ya ɗaga murfin ramin. Yashi ya binne ƙwallon robar, wani tsohon tsumma kuma ya toshe bakin injin. Ya kwashe yashin da hannu, ya zare tsumman, ya gyara wayar, ya zuba ruwa bokiti uku. Injin ya tashi, cikin ɗan lokaci ramin ya bushe.

Haladu ya tsuguna a wurin, ya kifa kai a gwiwa. Usmanu ya tattara kayansa ya fita.

Mai karatu, kwanan kowa yana hannun Allah, amma sakaci namu ne. In akwai injin jan ruwa a gidanka, ka buɗe ka share shi, ka gwada shi kowace shekara kafin ruwa ya sauko, kuma kada ka bar wanda ba ya iya tashi da kansa a ɗakin da ruwa zai fara shiga.