Dangwalen Yusufa

Muciyar Kulsum mai tuwo ce ta fara sauka a goshin Rabe mahauci, kafin sauran 'yan kasuwa su rufe shi da duka a cikin taɓon unguwar New Bell.

Laifinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Shi ya tara 'yan kasuwa suka haɗa kuɗi don sayen filin Yusufa a bayan kasuwar Marché Congo, a gina rumfunan haya. Kulsum ta ce kada a ba da ko faran ɗaya sai mai fili ya dangwala yatsa a takarda. Rabe ya yi mata dariya, wai Yusufa amininsa ne, sahu ɗaya suke sallah. Aka miƙa kuɗi. Daga ranar Yusufa ya koma gobe-jibi, ƙarshe ma ya ce bai san da zancen ba.

Gumin Kulsum na shekaru ne ya tafi, don haka ko kaɗan ba ta ji tausayin haƙorin Rabe da ya faɗi ƙasa ba.

"Ka kawo mana dangwalensa nan da Juma'a," in ji ta, "ko wallahi a mayanka za a tsinci gawarka."

Ranar Juma'a ba a ga Yusufa a masallaci ba, mutane suka ce kunya ce. Ana saukowa sai ga Rabe a rumfarta, fuska a kumbure, riga duk jini kamar kullum. Hannu ɗaya takarda, ɗayan ƙunshin ganyen ayaba irin na masu sayen nama. Bai gaida kowa ba.

Hayatu, akawun tashar jirgin ruwa mai jin Faransanci, ya karɓi takardar ya duba. Ga dangwale nan raɗau. Kulsum ta rangaɗa guɗa, sannan kunya ta kama ta, har ta fara zuba wa Rabe tuwo.

"Ku dakata," in ji Hayatu. "Ofishin Nasara ba ya karɓar guda ɗaya, en double suke so, wato takarda biyu. Ga ta biyun a wurina, ita ma sai ya dangwala."

Kulsum ta ajiye marar tuwon. Mutumin da aka samu sau ɗaya da ƙyar, wa zai sake kamo shi?

"Ba sai an je ba," in ji Rabe. Ya ajiye ƙunshin a kan tebur, ya fara warware ganyen. "Miƙo tawadar, ai na taho da yatsan."