Koriyar Kibiya Tsakanin Baffanni

"Wannan manhaja za ta kashe ni!" Yasmin ta buga tebur.

Jibi za ta kare aikinta a jami'a. Manhajar da ta haɗa, gardama take karantawa. In hujja ta soki wata sai ta zana jar kibiya, in ta goya mata baya sai koriya. Don gwaji, Yasmin ta zuba mata rigimar baffanninta ta guruf ɗin dangi na waya, kan gidan gado na Ƙofar Dumi inda take zaune da Umma.

Baffa Mahfuz ya rubuta, "Ko tubali ɗaya ban yarda a taɓa ba, balle gyara!"

Baffa Abdulsalam ya mayar, "Gidan da ba a gyarawa ai sayar da shi ake yi, mai taurin kai!"

Manhaja ta zana koriya. Yasmin ta goge, ta sake. Koriyar dai.

"Mutanen da ko gaisawa ba sa yi? Wane irin goyon baya!"

Sai ga Umma ta ɗaga labule.

"Yasmin, fito. Baffanninki ne a zaure, su biyu, suna ta dariya. Sun kawo mai sayen gidan."