Tandar da Ba a Leƙawa

Kai da ka ce gara ka bar aikin da ka je yaron da aka haifa a gabanka ya nuna maka, gyara zama in ba ka labarin wata mai waina.

A wata unguwa an yi wata tsohuwa wadda tun tana budurwa take suyar waina, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai dai ya ce Mai Waina. In ana biki ko suna ba a ga tandarta ba, to taron bai cika ba. Ita ma ta san haka. In aka yabi wainar wata a gabanta, taɓe baki take yi ta ce a kawo ta gani. Ana nan wata ƙaramar Sallah ɗanta ya kawo mata jikoki daga birni. Ta cika musu faranti da waina mai zafi, yaran suka ɗan tsakura suka ture, ƙaramar cikinsu ta ce ita wafil take so, irin mai gida-gida da ake gasa musu a inji. Mutanen gida suka yi dariya, tsohuwa ma ta yi, amma abin ya tsaya mata a rai kamar ƙayar kifi a wuya. Gari duka yana santin girkinta, a ce jininta ya ture? Ta rantse babbar Sallah daga hannunta za su ci wannan abin, kuma sai sun nemi ƙari.

Da kanta ta shiga kasuwa. Mai shago ya jero mata injunan gasa wafil, yana ta yabon wani mai ƙyalli da madannai kamar rediyo. Ko kallo bai ishe ta ba. Ta yi abin da take yi in za ta sayi tanda wurin masu ginin tukwane: ta ɗaga ta ji nauyi, ta ƙwanƙwasa, ta zura yatsa cikin gidajen ta ji zurfinsu. Ta ɗauki wani baƙi mai nauyi marar ado, ta ce abu mai kauri shi ke riƙe zafi, ko na yumɓu ne ko na ƙarfe. A nan kam ba ta yi kuskure ba. Kuskuren yana gida yana jiran ta. Mai suyar waina da ido take aiki, ta zuba, ta ga gefe ya yi ja, ta juya. Wannan tanda kuwa murfi gare ta, a rufe take nata aikin. Tsohuwa ta zuba ƙullin fulawa ta rufe, hannu ya ƙi zama. Ta ɗaga ta leƙa, abu ya tsage biyu, rabi ya manne a sama, rabi a ƙasa. Ta kankare ta sake, aka maimaita. Duk sa'ad da aka kawo wuta sai ta rufe ɗaki ta gwada, ta fito ta watsa wa kaji. Kajin gidan har suka yi ƙiba, Sallah kuwa tana ta matsowa.

A gidan akwai wata amarya 'yar haya da ta taso a birni, ita kaɗai ta san irin wannan inji. Kuma ita ce tsohuwa ta fi yi wa tsiya, kullum tana cewa tuwonta gudaji ya fi gari yawa. Zuwa wurinta ya yi wa tsohuwa nauyi ƙwarai. Amma da ta tuna farantin nan da aka ture, sai ta ga ya fi nauyi. Da hantsi, matan gida duk suna tsakar gida, ta rungumi injin ta ratsa ta gabansu, ta yi sallama a ƙofar amarya, ta zauna a tabarma. Ta ce, "'Yar nan, yau ke ce malama. Nuna mini." Amarya ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Ta ce, "Inna, ki bari ya yi zafi tukuna, ki shafa mai sama da ƙasa. In kin rufe kada ki buɗe. Tururin za ki kalla, in ya daina fita ta nuna." Tsohuwa ta zuba, ta rufe, ta cusa hannayenta cikin zani don kada su ci amanarta. Da tururi ya tsaya aka buɗe, ga abu ya fito ɗungurungum, ja, gida-gida.

To, amma wadda ta shekara da shekaru a bakin tanda ba a nan za ta tsaya ba. Ta ɗanɗana ta ce ƙullin fulawar nan lami ne. Ta jiƙa shinkafarta, ta haɗa nata ƙullin na waina, ya kwana ya tashi, shi ta zuba a injin ranar Sallah da jikokin suka dawo. Waje ya soyu, ciki laushi, zuma ta kwanta a kowane gida. Ƙaramar jikar ta cinye, ta lashe yatsu, ta miƙo faranti ta ce, "Kaka, ƙara mini, ta fi ta gidanmu." Tsohuwa ta ji kanta ya yi girma, ta ƙara mata har da gyara. Ta nuna amarya a gaban baƙi ta ce wannan ce ta koya mata, gobe kuma za ta biya ta da darasin tuwo. Sunanta bai ragu da komai ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, don tun daga ranar har daga wasu unguwanni ake aikowa a sayi waina mai gida-gida.

Saboda haka tashi ka je wurin yaron nan. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi.