Bulalar Gado

Karo na uku ke nan masunta suka tsamo bulalar daga kogi suka mayar masa. Duk garin Gaya an san ta: da ita kakansa ya zane ubansa, ubansa ya zane shi.

Ya tsallaka gada ya yar da ita a Malanbil, garin da ke tsallaken iyaka. Ɗan kabu-kabu ya riga shi isowa gida da ita, har yana jiran tukuici.

A hannun 'yarsa ya tarar da ita. Tabon bayansa ya soma ƙaiƙayi.

"Baba, me ake yi da wannan?"

Ya daɗe yana kallon yarinyar.

"Shanya," ya ce.

Yau rigunan 'yartsana ke bushewa a kanta.