Allura Tana Tsakiya

Inji ya buga a tsakiyar titi, amma Maigida ya ƙi yarda. Ya nuna wa bakanike sabon agogon auna ƙarfin baƙin mai da ya ɗaura da hannunsa.

"Dubi allurar nan, tana tsakiya daram."

"Yallaɓai, mota a mace, allura kuma a tsakiya?"

Maigida ya ƙwanƙwasa agogon. Ko gezau.

Matarsa ta gyara zama a kujerar gefe. "Ni na cire gilashin na ɗiga wa allurar gam. Da ta ɗan motsa sai ka faka, ka buɗe bonet. Bikin ƙanwata ma sai da aka watse muka isa."

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Kuma da bakinka ka ce motar ba ta taɓa lafiya irin ta watan nan ba."