Ina Gatarinta?

Muna ɓarar gyaɗa da la'asar a Gayam, kakata ta ƙulle bakin zanenta don kada tatsuniyar rana ta ɓatar da mu. Wai dodo ya tare yarinya a dawa, ta yi ta kuka har yayanta ya zo.

Na ce, “Kaka, ba itace ta je yi ba? Ina gatarinta?”

Ta ce, “Ke, haka muka ji ta. Ɓare gyaɗarki.”

Alhali da safiyar ranar ita ta fasa kan kububuwa da taɓarya, Kawu Isa yana bisa turmi yana salati.

Yau marubuta mata sun miƙa wa yarinyar gatarinta, ana ta cewa an ɓata al'ada. Al'adar wa? Ni dai na ga kan kububuwar.